Kafin ku rabu da tsohuwar motarku

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu tambaya ko su sayar da motar da ta haura kilomita 300,000, don Allah kada lambar ta firgita ku. Corolla ko Camry da ake juye wa baƙin mai a kan kari tana wuce haka lafiya lau.

Ku tayar da ita da sassafe cikin sanyin Jos, ku tsaya ta baya. Shuɗin hayaki na nufin tana shan baƙin mai. Ku zaro sandar awon mai, in ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga inji, aiki ne babba. Sannan ku kai ta Farin Gada bakanike ya leƙa ƙarƙashinta. In tsatsa ta ci shasi, ko giya na zamewa a Hawan Kibo, ku sallama ta, ana maganar rai ne.

Amma birki, shokozoba da lagireto, ku gyara kawai. Tun faɗuwar naira a 2023 'yar Kwatano ta yi tsada, kuma ita ma tsohuwa ce, wasu ma an mayar musu da mita baya.