Yadda Ake Karatun Adabin Turanci a Azuzuwan Ƙarshe na Sakandare

Abin da ya fi cin ɗalibai a jarrabawar adabin Turanci shi ne ba da labari. Ɗalibi zai cika shafi uku yana zayyana abin da ya faru a littafi daga farko har ƙarshe, alhali mai duba takarda ya riga ya san labarin. Shi abin da yake nema, yadda marubuci ya gina labarin da dalilin da ya sa ya gina shi haka. Duk matakan nan zuwa can suke kai ka.

Mataki na farko, ka samo manhaja da takardun jarrabawar shekarun baya tun makon farko na zangon karatu. Ka tantance littattafan da aka wajabta a kowane rukuni: zube, waƙa da wasan kwaikwayo. Ka duba tambayoyi nawa ake amsawa, minti nawa ne, kuma ko ana barin shiga da littafi. Ana sauya littattafan lokaci zuwa lokaci, don haka kada ka dogara da jerin da wanda ya riga ka ya bar maka.

Na biyu, ka karanta littafin kansa sau uku. Ƙananan littattafan taƙaitawa suna da amfani a lokacin bita, amma wanda ya tsaya gare su kaɗai amsarsa na fitowa iri ɗaya da ta kowa, kuma da an karkata tambaya kaɗan sai ya rasa tudun dafawa. Karatun farko na jin daɗi ne: shafi 15 zuwa 20 a rana, ba tare da buɗe ƙamus a kan kowace kalma ba, sai wadda ta hana ka gane jimla. A karatu na biyu ka riƙe fensir. Bayan kowane babi ka rubuta layi uku: me ya faru, wa ya sauya, wane jigo ya leƙo. Karatu na uku kuwa farautar hujja ce. Ka ware wa kowane jigo da kowane babban tauraro shafi guda, ka tara masa gajerun maganganu biyar ko shida daga littafin, kowace kada ta wuce kalma takwas, tare da lambar shafi. Gajerun su ne ke zama a kai, kuma su ne ke shiga cikin jimlarka cikin sauƙi.

Waƙa tana son haƙuri fiye da sauran. Ka karanta ta da murya sau biyu kafin ka taɓa alƙalami, kana tsayawa inda aya ko waƙafi yake, domin a waƙar Turanci jimla kan zarce daga wannan ɗango zuwa na gaba, kuma mai tsayawa a ƙarshen kowane ɗango yakan yanke ma'ana biyu. Sannan ka tambayi kanka: wa ke magana, da wa yake yi, a wane hali yake? Mai magana a waƙa sau da yawa ba mawaƙin ba ne, murya ce ya ara. Daga nan ka dubi tsari. Idan sonet ce, ɗango 14 gare ta, kuma galibi tunanin yakan juya a ɗango na 9 ko a ɗangwaye biyu na ƙarshe. Ka nemo wannan juyi, nan ne zuciyar waƙar take.

Sai adon harshe, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Ambaton sunan kamantawa ko siffantawa ko mutuntarwa kaɗai ba ya kawo maki mai kauri. A ce mawaƙi ya kira birni "baki". Ɗalibi ɗaya zai rubuta cewa an yi amfani da siffantawa, ya wuce. Ɗayan zai ce kiran birni baki ya mai da shi abu mai haɗiya, mutanen da ke kwarara cikinsa sun zama abinci, shi ya sa baitin ƙarshe ya cika da sunayen waɗanda ba su dawo ba. Wannan na biyun shi ne nazari.

Wasan kwaikwayo an rubuta shi ne don a gani a dandamali. Ku raba rawar taurarin wasan da abokan karatu ku karanta da murya, ku kula da umarnin marubuci game da shiga da fita, da lokacin da tauraro ke magana shi kaɗai, domin a nan yake fallasa abin da ke ransa. Idan akwai wasan Shekispiya, marubucin nan na Ingila wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1616, ka nemi bugu mai bayanin kalmomi a gefe. Turancin ya haura shekara 400, wasu kalmomin kuma suna yaudara: thou da thee na nufin kai ko ke, wherefore kuma "don me" ce, ba "ina" ba. Ka riƙa lura da kashi da fitowar da kowane muhimmin abu ya faru a ciki.

Mataki na ƙarshe shi ne rubutu, kuma hannu ne ke koyonsa. Ka amsa tambaya ɗaya kowane mako da agogo a gabanka. In minti 40 gare ka, ka ba tsarawa biyar, rubutu talatin, dubawa biyar. Ka ja layi ƙarƙashin kalmar umarnin da ke cikin tambayar, don wadda ta ce a kwatanta tana son abubuwa biyu kafaɗa da kafaɗa a kowane sakin layi, ba wannan a shafin farko wancan a na biyu ba. Kowane sakin layi ya ɗauki batu guda: ka faɗi ra'ayinka, ka kawo hujja daga littafin, ka bayyana aikin da kalmomin suka yi, ka ɗaure shi da tambayar. Sakin layi huɗu ko biyar masu ƙwari sun wadatar. Ka kai wa malaminka ya duba, sannan ka sake rubuta sakin layin da ya fi rauni a ranar da takardar ta dawo, tun gyaran bai huce ba.