Kurakuran da ɗalibanmu ke yi in sun je El Jem

Duk shekara sabbin ɗalibai na sauka Tunisiya daga Yamai, Damagaram ko Kano, kuma kafin a ce me, sai ka ga hotonsu a gaban katafaren filin wasan Rumawa na El Jem. Ina murna da zuwan. Yadda ake yin sa ne ya ishe ni.

Babban kuskuren shi ne a shiga filin, a hau can sama, a ɗauki hoto, a yar da tikiti a koma tasha. To, tikitin nan da kuka yar, shi ne kuma zai shigar da ku gidan tarihin garin, wanda ke kan hanyar Sfax, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa. Ni kullum can nake fara kai baƙo. A can za ku gane cewa garin, da Rumawa ke kira Thysdrus, da man zaitun ya yi arziki, har ya iya gina filin da ke ɗaukar mutum kusan 35,000 a wajajen shekara ta 238 miladiyya. Za ku ga daɓen gidajen attajiransa, hotuna ne da aka jera da ƙananan duwatsu masu launi. Akwai na wata mace da kan giwa a bisa kanta, wadda suka ɗauka a matsayin Afirka. Akwai kuma wanda ban iya mantawa da shi: damisa ta dafe fuskar mutumin da aka yanke wa hukuncin kisa, jini na zuba. Wanda ya ga wannan, in ya sauka ɗakunan ƙarƙashin filin inda ake tsare namun daji da mutanen da za a jefa musu, ba zai tsaya yana shewa da wasan kokawa don bidiyo ba. Haba jama'a! Mutane ne suka mutu a wurin nan, 'yan kallo na tafa hannu.

Na biyu, raina rana. "Mu da muka fito daga Sahel, wane zafi za a nuna mana?" Da wannan maganar na kai wani ƙanena wurin da azahar a watan Yuli. Dutsen ya sha rana tun safe, sama babu inuwa, matattakalar kuma doguwa. Jiri ya kwashe shi muna saukowa, ya gurɗe ƙafa, kuɗin da muka tanada na wata ya tafi a magani. Yanzu in ba da sassafe ba, sai bayan la'asar, da gorar ruwa a hannu.

Sauran ƙanana ne. Silifas ba ya riƙe tsohon dutse, ku sa takalmi sau ciki. Motar louage, wato ƙaramar bas ta haya, ba ta tashi sai ta cika, don haka ku duba lokacin jirgin ƙasan da ke bi tsakanin Sousse da Sfax tun kafin ku fito. Gefen filin da kuka ga ya rushe, ba tsufa kaɗai ba ne: a 1695 aka buɗe masa wuta da igwa don a fatattaki 'yan tawayen da suka ɓuya ciki, daga baya mutane suka riƙa kwasar duwatsun suna gini.

Masu kankare sunansu a bango da makulli kuwa, don Allah ku bari. Tun 1979 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya, kuma in mai gadi ya kama ɗaya, sunan dukkanmu ne ya ɓaci a garin.