Yadda Za Ka Kauce wa Cunkoso a Gidan Motsa Jiki

Duk wanda ya taɓa shiga gidan motsa jiki da misalin ƙarfe 6 na yammacin Litinin ya san yadda wurin yake cika, kowane injin gudu da mai shi a kai, benci ɗaya kuma mutum uku suna tsaye suna jiran sa. Illar wannan cunkoso ta wuce ɓacin rai, domin hutun da ya kamata ya tsaya a minti ɗaya ko biyu tsakanin zagaye da zagaye yakan koma minti goma, jiki ya huce, aikin minti 45 ya cinye awa biyu. A ganina, wannan ne yake sa mutane da dama su biya kuɗin wata sannan su daina zuwa tun watan bai raba ba.

Abu na farko da ya kamata ka gane shi ne cewa jama'a ba sa taruwa haka siddan, lokacin aiki da lokacin salla suke bi. A birane irin su Kano da Kaduna da Abuja, taron farko yakan fara bayan sallar Asuba ya kai wajen ƙarfe 8, lokacin da ma'aikata suke gaggawar tafiya ofis, na biyu kuma, wanda ya fi yawa, yakan tashi daga bayan La'asar har zuwa Isha'i. Tsakanin waɗannan biyun akwai sarari mai faɗi. Daga hantsi zuwa Azahar wurin yakan yi shiru, haka ma tsakanin Azahar da La'asar. Ɗan kasuwar da zai iya barin yaronsa a shago na awa ɗaya, ko ɗalibin da ba shi da darasi da safe, ya fi kowa damar cin moriyar wannan lokaci.

Sai dai rana tsaka tana da sharaɗinta, musamman a watannin bazara daga Maris zuwa Mayu. Kafin ka mayar da zuwanka wannan lokaci, ka tambaya ko ana kunna janareta idan aka ɗauke wuta, domin wasu gidajen ba sa ƙona mai sai jama'a sun taru, kuma ɗaga ƙarfe a ɗakin da babu fanka cikin wannan zafi haɗari ne ga lafiya.

Ranakun mako ma ba ɗaya suke ba. Litinin da Talata sun fi cika saboda kowa yana shigowa da sabuwar niyya, safiyar Asabar kuma ta masu hutun aiki ce, amma yammacin Juma'a da na Lahadi sukan yi sauƙi. Kada ka dogara da zato kawai. Ka tambayi wanda yake zaune a teburin rajista, domin shi ne yake ganin shigar kowa da fitarsa, kuma idan gidan yana kan Google Maps, manhajar takan nuna awannin da wuri ya fi cika in har ta samu isassun bayanai a kansa. Mata kuma su fara tambayar awannin da aka ware musu, tunda gidaje da yawa a Arewa suna raba lokaci.

Watan Ramadana yakan juya tsarin gaba ɗaya, domin rana takan zama fayau, taron ya koma bayan sallar Asham. Watan Janairu shi ma yakan zo da sababbin fuskoki, amma yawancinsu sukan ragu bayan 'yan makonni.

Wanda aikinsa bai ba shi zaɓi ba sai yamma, to dabararsa tana cikin yadda ya tsara atisayensa. Ka shiga da abin da za ka yi a rubuce, kuma kowane motsi ya kasance yana da madadinsa: idan an riƙe benci ka ɗauki dambel biyu, wato ƙananan ƙarafan da ake ɗagawa da hannu ɗaya, ka koma gefe, idan injin gudu ya cika ka hau keke ko ka yi tsallen igiya. Ka nemi a yi karɓa-karɓa cikin ladabi, kana ɗagawa lokacin da ɗan'uwanka yake hutawa, domin wannan al'ada ce sananniya tsakanin masu ɗaga ƙarfe kuma da wuya a hana ka. Sau da yawa jinkirta zuwa da rabin awa kawai, ko isa wurin da zarar an idar da Isha'i, yakan isa ka tarar an fara watsewa.

Ba dole ba ne kuma kowane motsi ya kasance a cikin gidan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Saboda haka za ka iya yin tafiyar sauri ko sassarfa a unguwa da sanyin safiya, ka ware kwana biyun da gidan ya fi sauƙi, kamar Juma'a da Lahadi, domin ɗaga ƙarfe kaɗai.