Yadda nake shirya ɗalibai muhawara a kan dokar wiwi

Shekara bakwai ke nan ina riƙe da ƙungiyar muhawara ta makarantarmu, ba taken da ya ba ni ciwon kai kamar na wiwi. Ranar da muka fara gwada shi, yarinyar da ƙuri'a ta ba ɓangaren goyon baya ta miƙe ta ce, "Malam, ni ba zan halatta abin da Allah Ya haramta ba," ta koma ta zauna. Laifina ne, ni na rubuta "halatta" a allo.

To, fara da gyara kalmar. A kunnen Bahaushe halatta maganar addini ce, kuma hukuncin sananne ne: duk abin da ke sa maye haramun ne. Gardamar tana kan abin da dokar ƙasa za ta yi wa mai noma, mai sayarwa da mai sha. Yanzu "sassauta doka" nake rubutawa.

Sai ka sa su raba maganar gida uku. A nan na fi daɗewa, domin a nan ake kayar da yara. Akwai noma don magani da masana'antu, wanda Lesoto ta fara ba da lasisinsa a 2017, Maroko ta yi dokarsa a 2021. Ghana ma ta yarda, amma da nau'in da sinadarin THC, wato mai bugarwar, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Akwai cire ɗauri, irin na Fotugal tun 2001: abin yana nan a hane, sai dai wanda aka kama da ɗan abin shansa gaban kwamiti ake kai shi, ba kurkuku ba. Na uku shi ne sakin mara gaba ɗaya ga manya, kamar Yurugwai a 2013 da Kanada a 2018. Ɗalibin da ya kawo Ghana a matsayin hujjar a bar kowa ya busa, abokin karawarsa zai yi masa kaca-kaca cikin minti ɗaya.

Daga nan ka dawo da su gida. Su san an kafa NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, a 1989. Su san marigayi Rotimi Akeredolu, gwamnan Ondo, ya je Tailan a 2019 yana neman a bar jiharsa ta noma wiwi don magani, shi kuwa Buba Marwa, shugaban NDLEA tun 2021, ya sha cewa ba inda za a je da batun barin mutane su sha. Lamba ɗaya nake sa su haddace: binciken shaye-shaye na 2018 da aka yi da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta masu shan wiwi a Najeriya sun kai miliyan 10.6. Wuƙa ce mai baki biyu. Mai adawa zai ce ga ɓarna tun ba a buɗe ƙofa ba, mai goyon baya ya ce ga shaidar kamu bai hana ba. Kowa ya shirya amsar ɗan'uwansa.

Masu goyon baya su riƙe Epidiolex, maganin farfaɗiya da aka haɗa daga ganyen, wanda Amurka ta amince da shi a 2018. Masu adawa su riƙe Tailan ɗin nan dai: ta sassauta a 2022, shaguna suka cika gari, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. Ni a raina na fi karkata ga masu adawa, don na ga yadda fara sha da ƙuruciya ke taɓa ƙwaƙwalwa, amma ba na bari su gane.

Labarin "wani a unguwarmu da ya zare" kuwa, sau ɗaya na yarda a kawo shi, ba suna, ba kwatance. Ana saura kwana biyu a yi muhawarar, ka sa su yi musanyar ɓangare, minti uku-uku.

Kafin duk wannan, sanar da shugaban makaranta, ka kuma aika wa iyaye 'yar takarda. Shekarar da ban aika ba, wani uba ya tarar da ni a bakin ƙofa da littafin ɗansa a hannu, ya buɗe shafin da aka rubuta "amfanin wiwi," ya ce, "Malam, wannan darasin na wane fanni ne?"