Yadda Za Ka Toshe Hujin Tayar Mota da Kanka Idan Ƙusa Ta Soke Ta

Kafin ka buɗe jakar kayan toshi, tabbatar tayarka marar tif ce. Yawancin ƙananan motocin yanzu irinta suke ɗauka, kuma za ka ga an rubuta TUBELESS a gefenta. Idan akwai tif a ciki, toshi daga waje aikin banza ne, domin tif ɗin ne ke riƙe iskar. Sai an kwance an yi masa faci.

Kayan toshin ba su da yawa. Akwai ƙarfe biyu masu mariƙi: ɗaya mai kaushi kamar magagari, wanda ake goge cikin hujin da shi, ɗayan kuma basilla ce mai tsagaggen ido a baki. Sai igiyoyin roba masu danƙo, sai ƙaramin kwanson sholisho. Kai kuma ka haɗa da filaya, reza ko wuƙa mai kaifi, gejin awon iska, famfo ko ɗan injin hura iska da ake jonawa a mota, da gorar ruwa da aka kaɗa sabulu a ciki. Wanda bai da abin hura iska bai gama shiri ba, ko da ya iya toshi. Ka riƙa leƙa kayan nan lokaci-lokaci, saboda zafin but ɗin mota a watannin bazara yana busar da sholisho, igiyoyin kuma su ƙandare. Igiyar da ba ta manne wa yatsa ba, ba za ta manne wa taya ba.

Duba inda hujin yake

Nan ne ake yanke hukunci, kuma nan mutane suka fi yin ganganci. Ana toshe hujin da ke tsakiyar fuskar taya ne kawai, wato wurin zanen da ke taka ƙasa. Idan ƙusar ta shiga ta kafaɗa, inda zanen ya fara lanƙwasawa, ko ta bangon gefe, kada ka taɓa. Gefen taya siriri ne, ba shi da shimfiɗar wayoyin ƙarfen da ke ƙarƙashin zane, kuma yana lotsawa yana miƙewa a kowane juyi. Igiyar da aka cusa a nan za ta sassauto, ko hujin ya yage ana cikin gudu. Saka safaya, ka nemi wata tayar.

Faɗin hujin kada ya wuce milimita 6. Yanka mai tsawo, irin na kwalba ko gefen kwano, ba ya toshuwa. Haka tayar da zanenta ya suɗe ya koma ƙasa da milimita 1.6, ko wadda robarta ta tsattsage saboda tsufa, abin da ake yawan gani a tayoyin gwanjo. Sannan idan an yi tafiya mai nisa da tayar a sace, rim ya riga ya niƙe ta daga ciki. Alamarsa wani zobe da ya goge a bangon gefe, in an kwance kuma a tarar da garin roba a ciki. Wannan tayar ta gama aiki.

In ba ka ga ƙusa ba, ƙara iska ka yayyafa ruwan sabulu a kan zanen, da bakin bawul, da inda taya ta haɗu da rim. Inda kumfa ke tasowa, nan iskar ke fita. Sau da yawa bawul ne mai laifi, tayar lafiyarta ƙalau.

Aikin kansa

Faka a wuri mai tauri da ba gangare, nesa da hanyar wucewar motoci. Ja hambirki, saka giya, ka tokare wata tayar da dutse, ka ajiye alamar gargaɗi a baya. Tayar gaba ba sai an cire ta ba: matsa motar kaɗan har ƙusar ta bayyana, ka murza sitiyari ta leƙo waje. Ta baya takan buƙaci cirewa don ka samu wurin dannawa. Sassauta notuna tun tayar na ƙasa, sannan ka ɗaga da jak, kuma kada ka shigar da jikinka ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Shirya basillar kafin ka zare ƙusar. Matse bakin igiya ɗaya ka zura ta ta idon, ka ja har rabi ya rataya ta nan, rabi ta can. Ajiye ta inda ƙasa ba za ta taɓa ta ba.

Yanzu kama ƙusar da filaya ka zaro a hankali, idonka na kan yadda ta karkata. In mai zare ce, warware ta da sukundireba, kada ka fizge. Karkatar nan ita ce hanyar da za ka bi. Wanda ya cusa ƙarfe a miƙe alhali ƙusar ta shiga a karkace, sabon huji ya yi kusa da na farko, kuma tayar za ta ci gaba da sacewa ta tsohon.

Ɗauki ƙarfen mai kaushi, ɗiga masa ɗan sholisho, ka danna shi cikin hujin kana murzawa. Zai yi gardama sosai, za ka ji yana ƙarar gurzar wayoyi. Haka ya kamata. Ka yi ta turawa da jawowa har sai ya riƙa shiga da fita ba tare da ka ɗora masa nauyin jikinka ba. Wannan gogewar tana kwantar da bakin wayoyin da suka tsinke don kada su yanke igiyar, tana fitar da tsatsa da ƙasa, tana kuma kausasa robar yadda danƙo zai kama. Mafi yawan toshin da ya ƙi riƙewa, a nan aka yi masa gaggawa. Aikin ya fi sauƙi idan da iska a cikin tayar, domin tayar da ta lafe takan lotsa ta bi hannunka. In ta sace gaba ɗaya, hura mata kaɗan, ka bar ƙarfen a cikin hujin ya tare iskar har ka ɗauko basilla.

Shafe igiyar da sholisho. Zare ƙarfen, nan take ka danna basillar ta wannan karkatar, da hannu biyu, har kusan kashi biyu cikin uku na igiyar ya shige, bakinta biyu na waje da kamar santimita 1 zuwa 2. Tsaya a nan. In ka zarce, igiyar za ta faɗa ciki, sai ka sake da wata. Daga nan fizgo basillar a miƙe, da sauri, ba murzawa. Tsagar idon za ta saki igiyar ta bar ta a ciki. In igiyar ta biyo basilla ta fito, to ko dai hujin ya yi faɗi da yawa, ko an ja a hankali. Kada ka danƙara igiya biyu ko uku a huji ɗaya. Hujin da guda ba ta cika ba ya fi ƙarfin toshi.

Yanke rarar da reza, ka bar kamar milimita 3 a saman zane. Kwalta za ta daidaita sauran.

Iska da gwaji

Hura iska zuwa adadin da kamfanin motar ya rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. A ƙananan motoci yakan kama daga PSI 30 zuwa 35 (PSI shi ne ma'aunin ƙarfin iska da geji ke nunawa). Lambar da ke gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Zuba ruwan sabulu a kan toshin ka jira minti ɗaya ko biyu. Ko ƙananan kumfa ne suka riƙa taruwa, bai kama ba: zare igiyar da filaya, sake gogewa, saka sabuwa.

In ka cire tayar, mayar da ita, ɗaure notuna a gicciye, wannan sannan wanda ke fuskantarsa ta ɗaya ɓangaren, ka ƙarasa matsewa bayan ka sauke jak. Sake taɓa su da sifana bayan kamar kilomita 50. Washegari da safe, kafin motar ta motsa, auna iskar. In ta ragu, akwai sauran yoyo.

Toshi daga waje ba ya nuna maka halin da cikin tayar yake, kuma ba ya liƙe shimfiɗar ciki mai riƙe iska. Ruwa kan iya bin gefen igiyar ya kai ga wayoyi, su yi tsatsa, zanen ya rabu da jiki, tayar ta yi ƙulu. Shi ya sa masu ƙera taya ke ɗaukarsa gyaran wucin gadi. Da ka samu sarari, musamman kafin doguwar tafiya da kaya a rana tsaka, kai ta wurin mai faci ya kwance ta daga rim, ya duba ciki, ya saka facin nan mai wutsiya wanda ke cike hujin kuma ya liƙe shi ta ciki. Kafin nan, rage gudu, kuma kada ka lafta wa motar kaya.