Darasi Na Bakwai: Aikin Sabon Masanin Ƙasa a Gindin Injin Haƙa

Wanda ya karanta ilimin ƙasa da duwatsu, in ya kama aiki, galibi gindin injin haƙa ake fara tura shi. Tuƙa injin aikin mai sarrafa inji ne da yaransa. Shi masanin, nasa aikin shi ne ya san abin da bakin haƙa yake ratsawa a kowace mita, ya rubuta shi daidai a littafi. Da wannan rubutu ake sanin inda za a tsaya da haƙa, da inda za a sa bututu mai tsaga wanda ruwa zai shigo ta cikinsa. In an rufe rami ba mai sake leƙa cikinsa, littafin kaɗai ya rage.

Kafin ka fita, haɗa littafi mai bango mai kauri, fensir (tawadar biro tana zuba in takarda ta jiƙe), tef na awo, agogo, rariya, bokiti mai cin lita 20, gilashin ƙara girma sau 10, ƙaramar wuƙa, ledoji da alƙalamin maka na rubutu a jikin leda. Sa hular kwano da takalmi mai ƙarfe a baki da abin toshe kunne. Kada ka matso sandar da ke juyawa da riga mai yalwa, in ta kama tufa ba ta saki.

Hanyoyin haƙa

A ƙasa mai yashi da yumɓu, da laka ake haƙa. Famfo yana tura ruwan laka ta cikin sandunan haƙa, ya fita ta bakin, ya hawo ta gefe ɗauke da ɓarɓashin ƙasa. A dutse mai tauri irin giranit kuwa, guduma ake sa wa a ƙasan sanduna, iskar kwamfaresa tana buga ta tana kuma feso garin dutsen waje.

Sanin zurfi

A nan sababbi suka fi yin kuskure. Zurfin rami lissafi ne. Ka auna kowace sanda da tef kafin a fara, domin wadda aka taɓa yankewa aka yi wa walda takan gaza sauran. A ce bakin haƙa da mahaɗinsa mita 1 ne, an ɗaura sanduna 14 masu mita 3 kowace, kuma santimita 80 na sandar ƙarshe yana sama da ƙasa. Sanduna 14 sun ba da mita 42, a ƙara 1 ya zama 43, a cire 0.8, zurfi ya zama mita 42.2. Duk sandar da aka ɗaura, ja layi a littafi nan take, ka rubuta lokaci. Sanda ɗaya in ta ɓace maka a ƙirga, duk abin da ka rubuta daga nan ya goce da mita 3, bututu mai tsaga zai iya faɗawa daidai yumɓu alhali yashin ruwan yana ƙasa da shi. Kowace yamma ka gwada ƙirgarka da ta mai sarrafa inji. In ba su zo ɗaya ba, a ƙirga sandunan da suka rage ba a ɗaura ba.

Akwai kuma jinkirin hawowa. Ɓarɓashin da ka tara a rariya yanzu ya ɗan jima da barin ƙasan rami. Rami mai faɗin milimita 200 da sanda mai kaurin milimita 90, ratar da ke tsakaninsu tana cin kusan lita 25 a kowace mita. A zurfin mita 60 lita 1,500 ke nan. In famfo yana tura lita 500 a minti, sai bayan minti 3 ɓarɓashin zai iso sama. In injin yana cin mita ɗaya a minti 3, samfurin da ke hannunka na mita 59 ne. Jinkirin yana ƙaruwa da zurfi, don haka a sake lissafa shi jefi-jefi.

Ɗaukar samfuri da bayyana shi

Ɗauki samfuri a kowace mita, ka ƙara ɗauka duk sanda launi ko saurin haƙa ya sauya. Ka ɗauraye shi a hankali, in ka cika wanki yashi mai laushi zai bi ruwa, ka rubuta tsakuwa inda babu ita. Jera samfuran a kan leda, goma a kowane layi, ka zuba wani kaso a ƙaramar leda ka rubuta lambar rami da zurfi a jikinta.

Bayani yana bin tsari ɗaya kullum: launi yayin da samfurin yake jiƙe, girman ƙwaya, siffarta, tauri, sai abin da ya gauraya da ita. A ma'aunin girman ƙwaya na Wentworth na 1922, abin da ya wuce milimita 2 tsakuwa ne, daga nan zuwa wajen 0.06 yashi ne, ƙasa da haka garin ƙasa ne mai laushi, ƙasa da 0.004 kuma yumɓu. Ido ba ya raba biyun ƙarshe, sai hannu. Murza samfurin a tafin hannu: yumɓu yana yin siririn zare ya lanƙwasa, garin ƙasa kuwa karyewa yake yi. Wuƙa ba ta karce dutsen ƙanƙara, amma tana karce dutsen farar ƙasa, wanda kuma yake kumfa in an ɗiga masa asid ɗin haidirokulorik mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari. Kada ka rubuta "yashi" kawai. Rubuta "yashi fari, ƙwaya manya, masu zagaye, babu yumɓu". Mai karantawa ya san nan wurin ruwa ne.

Lura da guntaye manya da ba su yi kama da sauran ba. Sau da yawa bangon rami ne ya zubo daga sama, ba a lissafa su cikin ƙasan wannan zurfin.

Kunne ma abin aiki ne. Mai sarrafa injin da ya daɗe a sana'a yana jin sauyin ƙasa a ƙarar inji kafin samfuri ya iso. In ya ce an shiga tsaga, rubuta zurfin. Takardar shaidarka ba ta hana ka tambayarsa.

Kaurin laka

Lakar haƙa da ake kwaɓawa da bentonayit, wani irin yumɓu, tana yi wa bangon rami yaɓe kamar na ɗaki don kada ya rufta. Ana auna kaurinta da mazurarin Marsh: a cika shi, a ƙirga daƙiƙun da mililita 946 zai zubo. Ruwa zalla yana ɗaukar daƙiƙa 26, lakar haƙa rijiya kuwa galibi 35 zuwa 45. In ta yi ruwa-ruwa ba ta ɗago ɓarɓashi, bango kuma yana zubewa. In ta yi kauri ainun tana toshe yashin ruwan, sai a sha wuya wajen wanke rijiyar. In laka ta daina dawowa sama farat ɗaya, ƙasa ce ke shanye ta a wata tsaga ko tsakuwa. Rubuta zurfin da lokacin.

Sandar dutse

A binciken ma'adinai ko harsashin gada da madatsar ruwa, ana yanko dutsen ɗungurungum da baki mai lu'ulu'u. Bakin da ake kira NQ yana yanko sandar dutse mai kaurin milimita 47.6, wanda ake kira HQ kuma 63.5. Ana jera shi a akwati daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, da ɗan katako mai zurfi a rubuce a ƙarshen kowane zubi, wato abin da aka ciro a karo ɗaya. In an haƙa santimita 150 aka samu 135, an samu kashi 90 cikin ɗari. Akwai kuma awon ingancin dutse da ake kira RQD, wanda Don Deere na Amurka ya fito da shi a 1964: a haɗa tsawon guntayen da suka kai santimita 10 ko fiye, a raba da tsawon zubin. In sun ba da 105 cikin 150, RQD 70 ne. Ƙasa da 25 dutse ne rugurguzajje, sama da 90 kuwa ingantacce ne ƙwarai. Karayar da injin ko gudumar ma'aikata ta yi ba ta shiga ƙirga, ana gane ta da sabuwar fuska mai tsabta da gefuna biyu masu haɗuwa cif.

Kammala rijiya

Bututu mai tsaga ya zauna daidai yashin ruwa ko tsagar dutse. Rami mai milimita 200 da bututu mai 125, ratar da ke tsakaninsu tana cin wajen lita 19 na wankakkiyar tsakuwa a kowace mita. Ƙirga bokitan da aka zuba. In ramin ya cika da rabin abin da lissafi ya nuna, tsakuwar ta maƙale a hanya, ƙasa fanko ne. Mitocin sama a toshe su da siminti don kada ƙazanta ta gangara, rijiyar kuma ta yi nisan aƙalla mita 30 da masai.

Yawan ruwa da bokiti da agogo ake fara sanin sa: lita 20 a daƙiƙa 40, rabin lita ke nan a daƙiƙa. Gwaji na sosai shi ne a yi ta jan ruwa, sau da yawa awa 24, ana auna saukarsa, sannan a kashe famfo a auna dawowarsa. A kai ruwan ɗakin gwaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sinadarai masu cutarwa a ruwan sha: fulorayid miligiram 1.5 a lita, naitiret 50, asanik 0.01, kuma waɗannan ba a gane su da ido.

Aikin yi

1. Bakin haƙa mita 1, sanduna 20 masu mita 3, santimita 50 a sama da ƙasa. Nawa ne zurfin?
2. A zurfin mita 80, rata tana cin lita 25 a mita, famfo yana tura lita 400 a minti. Minti nawa samfuri zai yi kafin ya iso?
3. Bokiti mai lita 20 ya cika a daƙiƙa 25. Lita nawa rijiyar take bayarwa a daƙiƙa?