Kafin ka taɓa izinin folda, ka sa mutum ya fita ya sake shiga

Jama'a masu kula da sabar ofis (server, babbar kwamfutar da ke ajiye fayilolin ma'aikata), ga wata 'yar dabara.

Ka saka ma'aikaci a rukunin da ke da izinin wata folda a Active Directory (tsarin Microsoft mai riƙe asusun ma'aikata da rukunoninsu), amma har yanzu Windows na hana shi shiga? Kada ka yi gaggawar danna masa Full Control, wato cikakken izini. Ka ce ya fita daga asusunsa gaba ɗaya, ya sake shiga. Kulle allo kawai ba ya wadatarwa.

Dalili kuwa, a lokacin shiga ne kwamfuta ke karɓar tikitin Kerberos, wato shaidar shiga mai ɗauke da jerin rukunonin mutum. Sabon rukunin da ka ƙara da rana ba ya cikin tikitin safe, saba kuwa tikitin take dubawa.

Inda dabarar ke cijewa: mai aiki daga gida ta VPN, wato amintacciyar hanyar haɗuwa da cibiyar sadarwar ofis ta intanet. Shi da tsohon bayanin da kwamfutarsa ta ajiye yake shiga. Sai ya haɗa VPN tukuna, ya buga umarnin klist purge a Command Prompt don share tsofaffin tikitoci, sannan ya cire faifan sabar da ya jona (network drive) ya sake jona shi.

In abin ya ƙi, duba wuri biyu a Properties na foldar: izinin Sharing da na Security. Wanda ya fi tsauri shi ke aiki. Shafin Effective Access zai nuna maka ainihin abin da mutumin ke da shi. Ka kuma leƙa ko wani ya sa Deny (hani) kan wani rukunin da mutumin yake ciki, domin yawanci ita ke danne Allow (izini).